Ranar da na sungumi kakar Sa'a

In na manta komai na ƙuruciyata, ba zan taɓa mantawa da zuwana na farko gaisuwar surukai a Malbaza ba. Lokacin ina sabon mushe, wato malamin makaranta, a wata lakwal (makarantar boko) ta Illela, cikin shekarun tamanin, ina ji da kaina ƙwarai saboda ina da rediyo mai kama tashoshin duniya. A nan na taɓa jin wani bature yana cewa a wasu ƙasashe an ga baƙon haske a sama kafin girgizar ƙasa. (Ya ƙara da cewa ba a tabbatar ba, amma wannan ɓangaren kunnena bai riƙe shi ba.)

Sa'a, yarinyar da nake nema, ta riga ta ja mini kunne: babanta bai amince ba tukuna, yana ganin ƴan lakwal baki ne kawai. Don haka na yi niyyar zama kamar an dasa ni, kai a ƙasa, magana da awo.

Ina sauka daga mota na ga mutane suna kare ido da hannu suna duban sama. Rana ta yi wani ƙaton zobe mai launi kamar bakan gizo, alhali ko ɗigon ruwa babu. Su suka kalla suka wuce, ni kuwa sai maganar baturen nan ta faɗo mini a rai.

Aka shigar da ni gida, aka yi mini shimfiɗa gefen rumfa. Baban Sa'a na kan kujera fuska ba walwala, kakarta kuma, tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana zaune jikin tsohon ɗakinta na ƙasa tana ƙare mini kallo. Muna tsakiyar gaisuwa sai na ji wani rugugi daga ƙarƙashina. Ƙasa ta motsa, kwanoni suka yi ƙara, ƙura ta zubo daga bangon nan.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na sungumi tsohuwar kamar jaririya, na ture kujerar baban Sa'a, na yi waje ba takalmi ba hula ina ihu: "Girgizar ƙasa! Ku hito!"

A titi babu wanda ya motsa. Mai tuyar ƙosai ta dube mu, ta ci gaba da juya ƙosanta. Tsohuwar tana dukan ƙirjina tana cewa in sauke ta, ni kuwa ina ƙara rungume ta. Sai da baban Sa'a ya fito a hankali, riƙe da takalmana, ya bayyana mini cewa dutse ake fasawa da nakiya a ramin kamfanin siminti, kuma ko awakin garin sun saba.

Wallahi na so ƙasar ta tsage da gaske in shige. Na maida tsohuwa mazauninta, na durƙusa, na tabbata Sa'a ta fi ƙarfina har abada.

Tsohuwar ce ta fara dariya, har da hawaye. Da ta huta ta dubi ɗanta ta ce, "Shaibu, wanga yaro wawa ne, ban musa ba. Amma da ya zaci duniya ta tashi, bai gudu shi ɗai ba, ni ya ɗauka. Ku ba shi ɗiyar. In kun ƙi, ni ce amaryar, an riga an kai ni ɗaki."

Na ga gemun baban na rawa, yana danne dariya. Bayan girbi aka ɗaura aure.

Abin da na koya kaɗan ne: in ka je baƙon gari, dubi fuskar masu gida kafin ka zura da gudu. In kuwa wautar ta zama dole, to ka yi ta ɗauke da wadda ake jin maganarta a gidan.