Yadda Ake Ɗaukar Hoton Nebula Cikin Damina a Tama

"Inna, mi ya sa Abba kaɗai ke murna in hadari ya watse?"

Ɗiyata Rufaida, mai shekara biyar, ta yi wannan tambayar a bakin rijiya, mata tara suna ji, gero kuma ya kwana goma sha biyu bai ga ruwa ba. Tun ranar na zama gwana a wannan fanni. Ka bi matakan nan yadda maigidana, Mushe Alƙasim malamin makaranta, ya bi su. Hoto dai tabbas za ka samu.

1. Zaɓi lokaci

Sa a aiko maka sabon teleskop, wato madubin hangen taurari, daga Yamai, ya iso a watan Agusta. Nebula wani hayaƙi ne mai haske can tsakanin taurari, ba ya ganuwa sai sama ta yi tas. Shi ya sa damina ta fi: ba za ka gaji da ganinsa ba.

2. Zaɓi wuri

Kada ka kafa shi cikin gida, inda katanga za ta rufa maka asiri. Kai shi kan tudu, daidai hanyar masu dawowa daga gona, ka auna bakinsa sama kamar bindiga.

3. Faɗi gaskiya

Maƙwabcinmu Baba Ado ya tsaya da hauya a kafaɗa, ya tambayi Mushe abin da yake jira. Mushe ya ce jira yake gajimare ya kauce. Ya kuwa kauce, yamma uku a jere. Masana sun ce teleskop ba ya korar hadari. Masana ba su da gona a Tama.

4. Ɗauki hoton

Bayan magariba, ɗaure salula a bakin madubin, riƙe numfashi, ƙirga talatin. Za ka samu baƙi wuluk da ɗigo guda a gefe. Mushe ya ce nebula ce. Ni na ga sauron lokacin da ya sauka kan madubin.

5. Kada ka duba abin da ke faruwa a gida

Yaran unguwa sun daina shigowa. Suka sa wa Rufaida suna ɗiyar mai korar ruwa, ta koma wasa ita kaɗai bayan rumbu, tana dafa wa duwatsu tuwon ƙasa. Na gaya wa ubanta, ya ce rashin ilimi ne, zai yi musu bayani in an koma makaranta. Saura wata biyu ke nan.

6. Bar wa matarka ajiya

Ranar da hadari ya haɗu na gaske, Mushe yana can garin Buza. Ya kira ya ce in lulluɓe teleskop da bargo, ko ɗigo kada ya taɓa shi. Na ce to. Na ja shi ƙofar gida, na cire murfin, na koma na kwashe shanya.

Da safe Baba Ado ya karkata shi gaban jama'a, ruwa ya zubo ya kai cikin ƙwarya.

"Ashe ko kanshi bai iya karewa," in ji shi.

Kafin hantsi tsakar gidana ta cika da yara. Mushe har yau yana shanya madubin, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Gargaɗi

Ba ni na ce ka sayi teleskop ba, kuma ban san mai gyaransa ba. In kana da yara a gari, cikin damina ka dubi sama da irin fuskar da maƙwabta ke dubanta. In ka ƙi, kada ka yi tafiya ranar hadari.