Ranar Da Na Mayar Da Allo Kore

Muna haɗa wa wani asibiti manhaja a ofishinmu na unguwar Ɗan Iya. Kullum allon binciken tsaron manhajar sai ya nuna ja, wai guntun manhajar kyauta da na kwaso a intanet ya bar wa masu kutse ƙofa. Ni da na shekara goma a aikin? Na kashe binciken, allo ya koma kore, na kira kowa ya gani.

Rifkatu, abokiyar aikina, ta ce, "Oga, ƙofar ka rufe, ko idonka?"

Ba don ta gyara manhajar ba, da sirrin marasa lafiya ya bazu. Allah ya saka mata.

Har yau, in fitilar gargaɗi ta kama a motar wani, sai abokan aiki su ce, "A kira Oga ya cire ƙwan, mota ta warke."