Lahadin Nonno Saverio

"…lafiya ƙalau, in ban da ganinki," in ji Nonno Saverio, wato Kaka Saverio, bai ko ɗago kai ba.

Jikarsa Mirella ce ta shigo, ma'aikaciyar jinya mai baki kamar reza. Shekara arba'in da ɗaya ɗan kantinsa na unguwar Spearwood yana cin kasuwar Lahadi, domin doka ta hana manyan kantuna buɗewa a ranar. Ana tashi daga coci, layi sai ya kai bakin titi. Yanzu gwamnati ta sakar musu mara, kowa ya koma can, aka bar tsoho da ƙuda. Amma taurin kai bai bar shi ba. Kowace Lahadi sai ya ware burodi, ya naɗe a takarda, ya rubuta sunan mai shi da fensir. Karo na shida ke nan uwar Mirella tana aiko ta ta zo da shi cin abincin ranar Lahadi, wanda bai taɓa zama an ci da shi ba.

Mirella ta ce, "Nonno, ashe kana da rai? Da na ji shiru na ɗauka maƙabarta na shigo."

"Ai da ganin fuskarki matattun sun tashi sun gudu. Me ke cikin jakar nan?"

"Ba komai."

"Ba komai mai tambarin babban kantin tsallaken titi! Madara! Ke da aka yaye da madarar kantin nan, yau ke ce a layin maƙiyana?"

"Tasu ta fi araha. Kuma ba a haɗa wa mutum da labarin jirgin ruwan da ya kawo ka daga Sisili."

"Can wa ya san sunanki? Na'ura ce ke yi miki tsiwa, ki zuba kayanki a jaka da kanki kamar ɓarauniya."

"Na'urar dai ba ta taɓa tambayata yaushe zan yi aure ba."

"Ta san ba mai ɗauka."

Mirella ta kwashe da dariya, ta ɗaga burodi ɗaya. "Misis Pavlovich? Yanzu na baro ta can, ta cika keken sayayya har wuya."

"Ƙarya kike. Ƙafarta ke ciwo."

"Ciwon bai hana ta ta riga ni wurin biya ba. Wannan fa, Mista Doyle?"

"Sha ɗaya yake zuwa."

"Sha biyu ta gota, Nonno."

Tsohon ya dubi agogo. Bai ga laifinsu ba, mai iyali yana son inda zai sami komai a wuri guda. Abin da ke cin ransa shi ne ran da ya kulle ƙofar nan da rana tsaka, ya yarda ke nan unguwa ta daina bukatarsa.

A hankali ya ce, "In na rufe, wani ya zo ya tarar da ƙofa a kulle fa?"

"Sai ya tsallaka titi. Mu ne ba mu da wani kaka a tsallaken titi."

Nonno Saverio ya daɗe yana goge teburin da ba datti. Can ya kwance rigar aiki, ya jibga mata burodin duka a hannu.

"Ungo, na ba ki. Amma madarar can ba za ta shiga motar da nake ciki ba."

"Sai ka bi mu a ƙasa."

Ya kulle ƙofa, ya girgiza ta sau biyu, ya tsaya da makulli a hannu.

"Mirella, a teburin nan naku, ina ne wurina?"

"Kujerar kusa da taga. Tun ina ƙarama ake ajiye maka faranti, a ɗauke shi yadda aka kawo."

Ya yi dariya, ya share ido da bayan hannu.

"To ja motar, mummuna, kafin uwarki ta caɓe taliyar."