Basillar da Aka Hana Duna

A dajin Gawo akwai dabbobi masu noma da zaman lafiya. Suna da gero, suna da sarki, abin da suka rasa shi ne ruwan rani. Tafkinsu ɗaya, ya cike da laka, dabgai, gwanayen haƙa masu yashe shi, kuma sun ce ba za su sa farce ba sai an auna musu hatsi.

Hatsin nan daga haraji yake fitowa. Jakuna ne ke bi gari-gari su karɓo, shugabansu wani dattijo mai suna Duna. To, mangalolinsu sun tsufa, duk sun huje.

Ran majalisa Duna ya durƙusa gaban Sarki Zaki. "Ranka ya daɗe, basilla muke roƙo, da igiya, da ɗan dusa. Mangala cike muke ɗaukowa, rabi muke saukewa."

Ma'aji Kura ya miƙe, ya gyara murya. "Allah ya ja zamanin Sarki! Wannan gwamnati ta tsimi ce. Mun aiki jaki ya kawo, shi kuma yana cewa a ba shi? Yau basilla, gobe sirdi! In sha Allah baɗi za mu kafa kwamiti."

Aka yi tafi. Sarki ya yi hamma, aka tashi.

Abin da Ma'aji bai faɗa ba shi ne yana kiwon zabi ɗari uku. Kullum jakuna suka wuce, zabin nan na biye da su suna tsince hatsin da ya zube, har sun yi ƙiba ba sa iya tashi. Shi ya ma sa doka cewa kowane kaya sai ya zagaya ta ƙofar gidansa, wai don a duba.

Sai ruwan farko ya sauka. Geron da zabi suka manta ya tsiro, layi ɗaya kore shar, tun daga ƙauyuka har fada. Da Sarki ya fito shan iska ya tambaya, "Gonar wa ce wannan, doguwa ba faɗi?"

Duna ya ce, "Taka ce, ranka ya daɗe. Harajin bara ne."

Sarki ya bi layin da ƙafa. A ƙofar Ma'aji ya tarar layin ya yi lanƙwasa, ya yi kauri kamar fadama. Ya dubi zabin, ya dubi Kura. Kura ya yi dariyar da ya saba, amma ba wanda ya taya shi.

Washegari aka kawo basilla goma da igiya da buhun dusa. Da kaka rumbu ya cika, dabgai suka shiga tafki.

Ran da aka fara shan sabon ruwa, Duna ya tambayi 'yarsa Tani me ta gane.

Ta ɗago baki jiƙe, ta ce, "Baba, in ba a ɗinke mangala ba, talaka ya biya, Sarki bai samu ba."