Majigin Golf ɗin Alhaji Sumaila

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka buɗe ɗakin golf ɗin Alhaji Sumaila, yayan matata. Shekara talatin yana tuƙa tasi a Amurka, can ya koyi wasan. Da ya dawo Ankara, babban birnin Gana, ya gina gida a unguwar Malam, gwiwa ta hana shi zagaya fili, sai ya kawo na'urar da ake buga ƙwallo a cikin ɗaki, hoton fili yana kan farin ƙyalle. Majigi kaɗai ya rage. Ni da nake gyaran talabijin a unguwar Maamobi (dangin matata kuwa ba su taɓa ɗaukar wannan a matsayin sana'a ba) na ce a bar min.

A shago, matar da ke sayarwa ta tambaye ni tsawon ɗakin. Ta ce akwai majigi mai haskawa daga kusa, shi ake so a irin wannan wasan. Na ce mata, "Madam, tun ba a haife ki ba nake buɗe talabijin." Na zaɓi wanda ya fi girma da nauyi, na rungumo shi a trotro, motar haya.

Na ajiye shi can ƙarshen ɗakin kan tebur, na kunna. Ciyawa koriya shar, har da tafki. Abu ɗaya ne ban gwada ba: mutum a tsaye a gabansa.

Ranar Asabar 'yan uwa suka cika ɗakin, an ci waakye, shinkafa da wake, an yi addu'a. Alhaji ya ɗauki sanda ya taka tsakiya. Fili ya ɓace. Babu ciyawa, babu tafki, sai inuwar tumbinsa baƙa ƙirin daga bango zuwa bango.

"Chale, abokina, ina ramin ƙwallon?" in ji shi.

Na matso da majigin gaba, hoto ya ƙanƙance ya koma kamar dardumar salla. Wata gwaggo ta fara dariya har tana tari. Matata ta sunkuyar da kai.

Ni kuwa na ƙi ja da baya. Na hau kujera, na ɗaga majigin sama da kaina, na ce, "Yaya, buga!" Ya buga. Rami tara ya yi ina tsaye, hannuna na rawa, fili na girgiza tamkar ana girgizar ƙasa (shi ya sa, in ji shi, ya yi ta kuskure). Kwana uku ban iya ɗaga kofin shayi ba.

Har gobe ina nan kan bakana: majigin lafiyarsa ƙalau, ɗakin ne ya yi gajarta. Abin da kawai na yarda na koya shi ne, kafin in kira jama'a kallon aikina, zan fara tsayar da mafi ƙibar gidan a gabansa.