Yadda Za Ka Kori Mai Sayar da Kaza Irin Taka Daga Tsallaken Titi

Idan ka sayi sunan kamfani ka buɗe shago, sai wata safiya ka ga kamfanin ya sayar wa wani da sunan nan a tsallaken titi, kwantar da hankalinka, ka zo wurin gwani. Ni ne Kwadwo Antwi, mai shagon soyayyar kaza na Akoko Dede a Bantama, nan Kumasi. Na gwabza wannan yaƙi da Maame Oforiwaa, tsohuwar shugabar firamare da ta zuba kuɗin sallamarta a kaza. Bi matakan nan daki-daki, nasara tabbas ce kamar cunkoson kasuwar Kejetia.

1. Kada ka tambayi inda iyakarka ta tsaya

Ranar da za ka sa hannu za a ce maka, "Bantama taka ce kai kaɗai." Yi godiya kawai. Haka na yi, har ranar da na ga masu fenti suna zana tambarin kamfaninmu, zakara mai jar hula, a bangon da ke kallon shagona. Ashe a taswirar kamfani tsakiyar kwalta ce iyaka, tsallake kuma wata unguwa ce. Matambayi ba ya ɓata, amma yana ɓata wa mai sayarwa rai.

2. Je ka yi mata barka

Sa riga mai kyau, ka tafi da murmushi, idonka yana ƙirga kujerunta.

"Maame, sannu da zuwa. Allah ya kawo kasuwa."

"Yauwa ɗana. Kai ne na tsallake? An ce kazarka da daɗi, sai dai gishiri."

"Ai daga kamfani haɗin yake zuwa, Maame. Buhu ɗaya ne da naki."

"To hannu ne ke nan," ta ce, ta ci gaba da goge gilashi.

Kada ka rama. Koma shago ka yi ta ɗanɗana kazarka har harshenka ya daina gane komai.

3. Kai ƙara wurin kamfani

Nemi manajan yanki. Namu Mista Boakye ne, mutumin da bai taɓa cewa a'a ba, bai kuma taɓa cewa e ba.

"Mista Antwi, ku duka 'ya'yanmu ne. Uwa ba ta zaɓe."

"Yallaɓai, uwa kuma ba ta ba 'ya'ya biyu kwano ɗaya ta ce wa kowa nasa ne."

Ya yi dariya har da dukan tebur, ya miƙo mini sabuwar hular kamfani. Karɓi hular. Ita kaɗai za ka samu.

4. Sace tashar mota

Duk mai sayar da abinci ya san wanda ya sauko daga turoturo, wato motar haya, da yunwa ba ya tsallaka titi. Saboda haka ka riƙa ba direbobi fukafukan kaza kyauta, su riƙa juye fasinja a ƙofarka. Dabarar nan tana ci. Ta ci mini sosai, har ranar da Maame ta fito bakin titi da tabarau a kan hanci, ta kira wani ƙaton direba da cikakken sunansa.

"Yaw Frimpong, ka girma ke nan, har kana sauke mutane inda ba tasha ba? Zo nan."

Ya zo, hannu a baya. Rabin direbobin layin ita ta koya musu karatu. Sun cinye fukafukaina, sun koma tsayawa a ƙofarta.

5. Ka ce taka ce ta asali

Tunda kaza ɗaya ce, farashi ɗaya, kwali ɗaya, dole ka ƙirƙiro bambanci. Na kafa allo, NA ASALI. Washegari ta kafa nata, SABON MAI KULLUM. Ba ta ambaci sunana ba, amma daga ranar duk wanda ya shigo sai ya leƙa kaskona kafin ya zauna.

6. Kada ka bar mata mamaci

A garin nan Asabar ɗin jana'iza ɗaya tana iya biyan hayar shago, kuma a lokacin mai gidan da nake haya ya fara gaishe ni da sanyin murya. Sai Opanin Kyei, babban ɗan kasuwar koko, ya rasu. Gidansa yana gefena, amma a filin makaranta da ke gefenta aka kafa rumfunan makoki. Babbar 'yarsa ta ce in kawo kaza. Ɗan 'yar'uwarsa, wanda zai gaje shi bisa al'adar garin nan, ya ce wa Maame ta kawo.

Muka haɗu a bayan rumfuna, kowa cikin baƙi da ja na makoki, kowa da mota cike da kwalaye.

"Maame, mamacin nan nawa ne. A yankina ya rayu, a yankina ya cika."

"A yankina yake kwance, ɗana. Je ka duba."

Muna cikin haka babban dangin ya zagayo yana gyara mayafi a kafaɗa. Ya dubi kwalayena, ya dubi nata.

"Ba kaza ɗaya ba ce?"

Muka ce ɗaya ce.

"To kowa ya sauke rabi. Ku kuma yi ƙasa da murya, mutane suna kuka."

Rabin da ya rage gida na kai. Muka ci da safe, muka ci da rana, har matata Dufie ta ce in ta ƙara ganin cinyar kaza a kwanonta za ta koma Mampong wurin mahaifiyarta.

7. Wani lokaci ka ɗaga kai

Wannan matakin ban so saka shi ba. Duk lokacin da muke hararar juna, babu wanda ya dubi gidan man da ke bakin shatale-tale. Sai ga zakara na uku a bangonsa, da wurin ajiye motoci, da na'urar sanyaya ɗaki. Mai shagon surukin Mista Boakye ne. Taswira kuwa ta nuna gidan man ba ya gefena, ba ya gefenta.

Da hantsi Maame ta tsallako, ta ja kujera ta zauna ba a ce mata bisimilla ba. Muka daɗe muna kallon layin mutane a can.

"Kwadwo, na lura kai ba ka da kunya, ni kuma ina da mutane. Don me muke ɓarnar wannan baiwa a kan juna?"

Tare muka hau mota zuwa babban ofishi a Accra. Ita ta yi magana kamar a taron iyayen yara, ni kuma na zauna a ƙofar shugaban kamfani na ce nan zan tare da iyalina. Ba a rufe shagon surukin ba, amma an rubuta cewa duk jana'iza da biki na unguwannin biyu namu ne, kuma ba za a ƙara zana wani zakara kusa da mu ba. Yanzu mota ɗaya muke haya ranar Asabar.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya sani. In matarka ta tafi gida, ko aka kore ka daga wurin makoki, ko ka wayi gari kana riƙe wa abokiyar gabarka jaka tana gyara maka kwalar riga a gaban jama'a, babu hannuna. Mai ƙorafi ya same ni a shago, amma ya kauce wa Laraba, ranar nake kai Maame asibitin ido.