Labulen Mama a Shagon Tela

Ba zan taɓa mantawa da labulen falonmu ba, mai furanni ruwan goro. Lokacin ban daɗe da fara aikin bibiyar waɗanda aka saki daga kurkuku bisa sharaɗi ba. Na farko da aka haɗa ni da shi Sani ne, wanda ke koyon ɗinki a shagon Baba Garba a unguwar Briqueterie, a layin da hayaƙin masu tsire ke shiga har cikin atamfofi.

An gargaɗe ni a ofis: in maigidan ya san daga ina Sani ya fito, zai iya korarsa. Sai na yi dabara. Duk ziyara nakan riƙo yadi kamar mai kawo ɗinki, mu yi maganar aiki ƙasa-ƙasa yana auna ni. (Ji nake kamar wata jarumar littafi, Allah ya shirye ni.) Rigunan da yake ɗinka min kuwa, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, haka nake sa su in tafi ofis.

Da yadina ya ƙare, ban samu leƙa kasuwar Mokolo ba, sai na kwance labulen Mama. Ina shimfiɗa shi a teburin shagon na ji muryarta a bayana, ashe biyo ni ta yi.

"To, ga tagar falona a tsirara, ga 'yata a nan. Me kike nema wajen yaron nan kullum?"

Kekunan ɗinki suka tsaya. Sani ya sunkuyar da kai. In na faɗi gaskiya, na tona masa asiri. Na rufe ido na ce, "Mama, ɗinkinsa nake so."

Ta dubi karkataccen wuyan rigata. "Wannan? Gara ki ce shi kike so, in san ciwon da zan nema wa magani."

Baba Garba ya yi dariya har da share hawaye. "Hajiya, aikinta take yi. 'Yata, ai ni na ɗauko shi daga ƙofar kurkukun. Na yi shiru ne don ba mai yarda ya ba shi yadi sai ke."

Yau Sani na da shagonsa a unguwar Messa, ɗinkinsa sai da layi. Ni kuma na koyi tambayar me mutane suka sani kafin in fara ɓoye musu. Labulen ya koma tagarsa, da alamar alli a gefe. Mama ta hana a wanke.